Mushe, uban ƴaƴan wasu

A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, kafin malamin lakol ya kama alli a watan Oktoba, sai ya jira an gama girbin hatsi. Dalili kuwa biyu ne: yara suna gona, sannan karan da za a yi rumfar aji bai samu ba. Rumfar nan ba ta tare ƙurar hunturu, ba ta jure ruwan fari, kuma makamashin wuta ce: a watan Nuwamba 2021 gobara ta halaka yara fiye da 20 cikin irinta a garin Maraɗi.

Cikinta ne mushe yake koyar da Faransanci ga yaran da ba su taɓa jin sa a gida ba. In ɗan kwantaragi ne, ƙarshen wata ya same shi da bashin mai kanti.

To, mine ne ladarsa? Ranar kasuwa wani babban ma'aikaci ya sauko daga mota, ya durƙusa gaban jama'a ya gaida wanda ya koya masa rubuta sunansa. Ƴan kasuwa da ma'aikata, yaushe rabonku da gaida naku?