Masu Ƙirga Tsuntsaye a Jigawa

Yau za mu duba aikin mutanen nan da ke sammako da madubin hangen nesa a wuya, waya a hannu, suna rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji kukansa. Abin ya samo asali: tun 1930 aka kafa ƙungiyar Nigerian Field Society. A 2015 kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta soma taswirar tsuntsayen Najeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, mai sa kai ya shafe aƙalla awa biyu a ciki yana lissafi. A arewa, ayarin Arewa Atlas Team ne ya rungumi aikin, har da masana daga Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Wani zai ce ana fama da tsadar hatsi, wa ke ta tsuntsu? Manomin shinkafa ma zai ƙara da cewa jan-baki ne ya gama da shi. Maganarsu abin dubawa ce, amma ita ce hujjar aikin. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya tafiyar ruwa a fadamar Haɗejiya, kacala ta toshe hanyoyi, jan-baki kuwa ya sami masauki a cikinta. Wanda ya san inda garken ke kwana, da watan da yake tasowa, manomi yake yi wa aiki. Haka idan dinya da kirinjijiya suka ƙaurace wa tafki a Baturiya, wadda ta shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2008, to masunci ma ya kusa naɗe komarsa.

Ku tuna ungulu. Dattawa sun san ta jere a katangar mahauta, tana jiran a watsar da tumbi. Guba da cinikin sassanta suka cinye ta a kan idonmu, har a 2015 aka sa ta cikin masu dab da ƙarewa. Da ana ƙirge, da an farga da wuri. Shi ya sa bai kamata lissafin ya tsaya a fadama ba: duwatsun Dutse, lambunan dabinonta, gonakin Kiyawa da Jahun duk suna jiran mai rubutawa, kuma makiyayin da ya san ranar saukar shamuwa a garinsu ya cancanci a tafi da shi.