Gashin Dajin Huhu: Ko Ba Waraka, Akwai Sauƙi

Cutar dajin huhu ta fi kowace irin cutar daji kisa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta hallaka mutum miliyan 1.8 a 2020. A ƙasar nan, mai ita yakan shafe watanni yana shan maganin tarin tibi, domin alamomin sun yi kama: tari, rama da kakin jini. Kafin a gano gaskiya a turo shi Asibitin Ƙasa da ke Abuja, sau da yawa ƙarin ya bazu, tiyata ba ta yiwuwa. Nan ne dangi kan ce a koma gida a jira ikon Allah. Tawakkali gaskiya ne, amma bai hana neman sauƙi ba, kuma gashi da na'ura yana kawo sauƙin.

Ana kwantar da majinyaci, a yi masa alama a ƙirji, na'urar ta harba haske mai ƙarfi daidai kan ƙarin na 'yan mintoci, ba yanka, ba zafi a lokacin. Ƙarin ya ɗan motse, sai hanyar iska ta buɗe, jini ya tsaya, ciwon ƙirji ya lafa. Wanda a da ke kwana a zaune saboda sarƙewar numfashi yakan samu ya miƙe ya yi barci. Binciken da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar a 1991 ya nuna cewa zama biyu, mako guda tsakani, yana rage waɗannan alamomi daidai da zama goma.

Wani zai ce mene ne amfanin kashe kuɗi a kan wanda ba zai warke ba, ga na'urori kaɗan, ga layi, ga wahalar da gashin ke jawowa? Wahalar gaskiya ce, akan yi kasala da zafin haɗiya, amma yawanci sukan wuce cikin makonni kaɗan. Batun kuɗi da layi kuwa, shi ne ma hujjar gajeren gashi: wanda ya taso daga Kwali ko Abaji, zama biyu kawai zai yi, ba kwanan asibiti, na'urar kuma ta samu sararin duba wasu. Saboda haka idan likita ya ce tiyata ba za ta yiwu ba, kada dangi su naɗe tabarma tukuna. Su tambaye shi: “Likita, gashi zai rage masa wahala? Zama nawa ne mafi ƙaranci?”