Ba kowace rikicewar dattijo ce gigin tsufa ba

A ƙauyukan Dutsi, idan dattijo ya kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, ya kama surutu ba birki, ya kora shanun huɗarsa kasuwar Mai'adua ya rabar da kuɗin, sai ka ji ana cewa gigin tsufa ne, ko an yi masa sammu. Bayan wata biyu ya shige ɗaka, ya ƙi tuwo, ko masallaci ba ya leƙawa, sai a ce ya samu sauƙi. Ina sauƙin yake? Wannan hawa da faɗuwa alamar cutar da likitoci ke kira baifola ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 40 ke ɗauke da ita a 2019.

Masu cewa ciwon samari ne suna da rabin gaskiya. Yawanci da ƙuruciya take farawa, amma tana bin mutum har furfura. Gigin tsufa mantuwa ce mai ƙaruwa a hankali. Mai baifola kuwa yakan dawo garau tsakanin tashi da tashi. In sai da ya haura sittin abin ya fara, dole likita ya binciki shanyewar ɓarin jiki, ciwon maƙoƙo, da ƙwayoyi irin su Prednisolone, domin duk suna iya jawo hakan.

Wasu kan ce, "Maganin asibiti yana kashe ƙoda." Nan akwai magana. Lithium, wanda likita John Cade ya gano amfaninsa a 1949, yana aiki sosai, amma ta ƙoda yake fita, ƙodar tsoho kuwa ta rage ƙarfi. Shi ya sa ake ba shi kaɗan, ana auna jininsa a kai a kai. Haɗarin yakan fito ne daga kemis: Baba na ciwon gwiwa, jika ya sayo masa Diclofenac ko Ibuprofen, ga maganin hawan jini mai sa fitsari, ga zafin bazara da azumi. Sai Lithium ɗin ya taru a jini. Da an ga karkarwar hannu ta tsananta, da tangaɗi, amai ko lauyewar harshe, a dakatar da shi, a nufi asibiti a ranar. Wanda ƙodarsa ba ta ɗauka, akwai Valproate da Quetiapine.

Cewa a bar magani tunda ya warke, ƙarya ce mai tsada. Yankewa farat ɗaya ke dawo da ciwon.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan ƙwaya. Mari dai ba magani ba ne, kuma mutanen yankin nan ba su manta waɗanda 'yan sanda suka kwance a wata makarantar horo a Daura a Oktoban 2019 ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina na duba su, haka asibitocin Dawanau a Kano da Barnawa a Kaduna. In za a je, a zuba duk ƙwayoyin da yake sha a leda a tafi da su.