Siffar furotin: Aiki mai cin shekaru da wurin ajiya

A ƙauyuka irin su Bugaje da ke ƙaramar hukumar Jibia a jihar Katsina, kusa da iyakar Najeriya da Nijar, ciwon sikila ko amosanin jini ba baƙo ba ne. Ƙididdigar da hukumomin lafiya suka saba bayarwa ta nuna cewa ana haifar jarirai kimanin dubu 150 da wannan cuta a Najeriya kowace shekara, adadin da ya fi na ko wace ƙasa a duniya.

Asalin cutar dai na cikin wani furotin ne mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. A 1956 Vernon Ingram na jami'ar Kambirij da ke Ingila ya gano inda matsalar take: ɗaya daga cikin sarƙoƙin furotin ɗin na da ƙulli 146, kuma na shida ne kaɗai ya sauya. Wannan ƙaramin sauyi ke sa himogulobin ya riƙa manne wa juna har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje.

To sai dai kafin a fahimci yadda mannewar ke faruwa, sai an ga siffar furotin ɗin, wanda madubin likita ba ya iya nunawa.

Daga gishiri zuwa hoto

Dabarar da aka fi dogara da ita shekara da shekaru ita ce a sa furotin ya daskare ya zama 'yan ƙanƙara kamar na gishiri, sannan a haska shi da hasken eksire. Hasken kan watse ya bar ɗigo-ɗigo a kan na'ura, kuma daga waɗannan ɗigo ne ake lissafo mazaunin kowace ƙwayar zarra.

Matakin farko ma kaɗai ya ishi mai bincike. Wani furotin kan daskare cikin kwana biyu, wani kuwa a gwada ɗaruruwan haɗe-haɗe na tsawon watanni bai yarda ba.

Matsala ta biyu ta fi wuya. Na'urar na auna ƙarfin kowane ɗigo ne kawai, ba ta riƙe lokacin da kowace igiyar haske ta iso. Tamkar a gaya wa mutum ƙarfin kowane bugun kalangu ne ba tare da lokacin da aka buga shi ba, a ce ya fitar da taken. Max Perutz ya fara aikin himogulobin a 1937, bai sami mafita ba sai a 1953 lokacin da ya liƙa wa furotin ɗin sinadarin zaiba, kuma sai a 1959 ya fitar da siffar. Shi da John Kendrew suka sami lambar Nobel a 1962.

Ko bayan haka, abin da kwamfuta ke nunawa ya fi kama da gari a cikin hazo. Mai bincike ne ke zama ya jera ƙullin furotin ɗaya bayan ɗaya a inda ya ga ya dace. Idan bayanan ba su da kyau, abu ne mai sauƙi ya ga abin da zuciyarsa ke son gani.

A watan Disambar 2006 wani ɗakin bincike na cibiyar Scripps da ke Kalifoniya a Amurka ya janye maƙaloli biyar, uku daga ciki a mujallar Science. Wata manhaja ce da aka haɗa a gida ta musanya layuka biyu na alƙaluma, siffofin suka fito a birkice. An farga ne bayan da masana a Zurik da ke Suwizalan suka fitar da siffar wani furotin mai kama da shi, aka ga ba su dace ba.

Ina za a ajiye?

Wannan ne ya sa batun ajiya ke da muhimmanci. Babban rumbun siffofin furotin na duniya, wanda ake kira PDB, an kafa shi ne a 1971 a Brookhaven da ke Amurka da siffofi bakwai kacal. A 2023 ya zarce dubu 200, kuma kowa na iya shiga kyauta.

Tun 2008 rumbun ya wajabta wa masu bincike miƙa alƙaluman da suka tace tare da siffar. Amma ainihin hotunan da na'ura ta ɗauka ba ya karɓar su, saboda girmansu. Fayil ɗin siffa guda na iya shiga ko da ƙaramar wayar hannu, yayin da hotunan ƙanƙara guda kan kai ɗaruruwa ko dubbai, su ci gigabait da dama. Da yawansu kan ƙare a faifan ɗalibi, idan ya kammala ya tafi ko faifan ya lalace, shi ke nan. Akwai wuraren ajiya irin su Zenodo na cibiyar CERN, sai dai sau da yawa sa hotunan a can ganin dama ne.

Rabon Afirka

Mafi yawan wannan aiki a yanzu ana yin sa ne a wata katafariyar na'ura mai zagaye da ake kira sinkurotoron, wadda haskenta ya ninka na asibiti nesa ba kusa ba. Babu ko guda a nahiyar Afirka. An yi taron farko na neman gina ta a 2015 a Girenobul da ke Faransa, yayin da Gabas ta Tsakiya ta buɗe tata mai suna SESAME a Jodan a 2017.

Saboda haka masanin Najeriya sai ya yi tattaki. Emmanuel Balogun na jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, alal misali, a Japan ya yi aikin da aka wallafa a 2014 kan siffar wani furotin na ƙwayar cutar barci, dangin wadda ke sa wa shanu sammore. Wanda bai tafi da kansa ba kuwa, sai ya aika ƙanƙarar cikin tulu mai tsananin sanyi, ya yi fatan kada ta daɗe a hannun jami'an kwastan.

Wasu na ganin manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta rage wannan giɓi. A 2022 ta fitar da hasashen siffofi fiye da miliyan 200, kuma biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta sun sami lambar Nobel a 2024. Gaskiya ne ta sauƙaƙa aiki ƙwarai. Sai dai daga rumbun PDB ta yi karatu, kuma ba ta da ƙarfi wajen nuna abin da sauyin ƙulli guda ke haifarwa, wato irin sauyin da ke kawo sikila.

Bugu da ƙari, kyautar da ke kan intanet sai mai wutar lantarki da layi ke cin ta. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibia da kuma Dutsin-Ma, inda jami'ar tarayya take.