Yaro ya iya gyara, ya kama hanyar Kano: ciwon kan masu shagon waya a Dutsi

A Dutsi da Shargalle, kamar sauran garuruwan shiyyar Daura, rumfar caji, gyaran waya da teburin POS sun zama sana'ar matasa. Abin da ke ci wa masu shagunan tuwo a ƙwarya shi ne riƙe yaron da ya ƙware.

Yaro kan zo bai san komai ba. Maigida ya ɓata lokaci yana koya masa canza gilashi, gyaran wurin caji da yi wa waya filashin. Da hannunsa ya faɗa, sai hankalinsa ya koma kasuwar Farm Centre a Kano, inda aiki ba ya yankewa. Abin takaicin ma, lambarsa ce a wayar kwastomomi, ba ta shago ba.

Na POS ya fi saurin tafiya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka rungumi tiransifa, kuma mallakar na'urar Moniepoint ko OPay ba ta da wuya. Yaron da ke ƙirga ribar kowace rana da hannunsa ba zai daɗe bai kafa nasa teburin ba.

Doka ba za ta raba wannan gardama ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Maigida kuma yana fama da man janareta tun cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Sai dai wani laifin na iyayen gidan ne. Akwai mai ɓoye wa yaro sirrin gyaran injin waya don kada ya gudu, alhali darasin yana nan kyauta a YouTube. Da ya gano an rufe shi, zuciyarsa ta fita daga shagon.

Dabarar da ta fi riƙe gwani ita ce kaso: kowane gyara a ware masa rabonsa, ya gani a rubuce a littafi. Sai kuma tsohuwar al'adar kasuwa, wato a yanke wa'adi tun farko a gaban iyayensa, idan ya cika a sallame shi da jari ko a buɗe masa reshe. Wanda aka sallama haka, galibi wurin maigidansa yake dawowa sarin gilashi da batir.