Koeberg: Yadda ake auna ƙoƙarin tashar nukiliya wata-wata

Kamar yadda mu ɗalibai muke jiran sakamako a ƙarshen zango, haka tashar nukiliya take da nata sakamakon, sai dai ita duk wata ake fitar mata. Bari mu ɗauki tashar Koeberg da ke bakin teku, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu. Ita kaɗai ce tashar nukiliya da ke ba da wutar lantarki a faɗin nahiyarmu, kuma kamfanin Eskom ne ke tafiyar da ita.

Koeberg tana da injuna biyu. Na farko ya soma ba da wuta a 1984, na biyu kuma a 1985. Kowannensu na iya tura kimanin megawat 930 zuwa layin wutar ƙasa, su biyun kuma suna samar da kusan kashi 5 cikin 100 na wutar Afirka ta Kudu.

To, yaya ake fitar da makin wata? Lissafi ne da ɗan sakandare zai iya yi. Wata mai kwana 30 yana da sa'o'i 720. Idan inji ɗaya ya yi aiki da cikakken ƙarfinsa dare da rana, sai mu ninka 930 sau 720, mu sami 669,600 a ma'aunin megawat-sa'a. Wannan shi ne iyakar abin da zai iya bayarwa. Mu ƙaddara abin da ya bayar a zahiri 600,000 ne. Idan muka raba wannan da wancan, za mu ga ya ci kusan kashi 90 cikin 100. Wannan kason shi masana suka fi dubawa, domin girman tasha ba ya amfanar kowa idan injinta a kashe yake.

Amma ba kowane sifili ne faɗuwa ba. Kusan duk bayan watanni 18 ana kashe inji da gangan, a sauya wani kaso na makamashin yuraniyom, a duba kayan aiki. Abin da ke tayar da hankali shi ne tsayawar ba-zata, ko gyaran da ya zarce wa'adinsa, kuma Koeberg ta ɗanɗana duka biyun. A Disambar 2005 wani kusa da aka bari cikin janareton inji na ɗaya ya yi ɓarna, yankin Cape Town ya sha duhu a farkon 2006, sai da aka kawo kayan gyara daga Faransa. A Disambar 2022 kuma aka kashe wannan injin domin sauya manyan tukwanensa uku na tururi. An tsara aikin zai ɗauki kimanin watanni shida, amma injin bai dawo ba sai Nuwambar 2023.

Jinkirin ya zo a mummunan lokaci, domin a 2023 ne ƙasar ta fi shan ɗauke wuta. Eskom na rabon ɗauke wutar ne mataki-mataki, kowane mataki kimanin megawat 1,000. Ke nan rashin inji ɗaya na Koeberg ya kusa kai mataki guda cur. Sifilin da ke kan takarda, a gari yana nufin ɗalibi na karatu da fitilar waya, mai walda na zaman jira. Duk da haka wahalar ta biya, domin a Yulin 2024 hukumar da ke sa ido kan nukiliya a ƙasar ta ƙara wa injin lasisin shekara 20, har zuwa 2044.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Masar na gina tata tashar a El Dabaa, Najeriya ma ta daɗe tana maganar gina tata. A yanzu abin da muke da shi shi ne ƙaramin injin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ba ya ba da lantarki. Ranar da za a zo mana da alƙawarin dubban megawat, ya kamata mu iya tambaya: sa'o'i nawa injin zai yi yana aiki a wata, wa zai gyara shi idan ya tsaya, kuma za a riƙa nuna wa jama'a alƙaluman?