Zaɓen Injin Kwale-kwale Ga Manomi Mai Su Da Rani

Kaka ta yi, an cire masara da auduga a ƙasar Gozaki, kuɗi sun shigo hannun manoma. A wannan lokaci ne kowa yakan zauna ya yi shawarar abin da zai yi da rani. Waɗansu za su sayi shanu su ɗaure, waɗansu su nufi fadama da injin ban ruwa, waɗansu kuwa sana'arsu ta rani ita ce su, watau kamun kifi. Da ma can ƙasar nan ba ta manyan koguna ba ce, sai rafuka masu ƙafewa da rani. Amma tun da aka gina madatsun ruwa abin ya sake. Akwai na Malumfashi, da na Mairuwa da na Gwaigwaye a ƙasar Funtuwa, ga na Zobe a ƙasar Dutsin-ma wanda aka gama a 1983, ga kuma na Challawa a Ƙaraye ta Jihar Kano wanda aka gama a 1992.

To, wanda ya daɗe yana tuƙi da filafili, in ya ga jirage masu inji a Tiga, ko a Yawuri bakin Tafkin Kainji, sai ya ji shi ma yana sha'awa. Sha'awar ba laifi ba ce. Sai dai kuɗin sabon inji yakan ɗara na bijimin huɗa, saboda haka wanda ya yi kuskuren zaɓe ya zuba amfanin gonarsa na shekara cikin ruwa. Abin da ya kamata shi ne a daidaita inji da jirgi, a daidaita shi da ruwan da za a shiga, gama Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

A fara duba ruwan

Tambaya ta fari ita ce, ina nisan da ake yi kullum daga bakin gaɓa zuwa inda ake shimfiɗa kalli ko mamari? In tuƙin rabin sa'a ne, kamar yadda yake a ƙananan madatsai, to filafili ya wadatar, kuɗin inji kuwa gara a sa su cikin sabon kalli da gyaran jirgi. Inji ba ya ƙara kifi a ruwa. Amfaninsa shi ne ya kai masunci wurin da hannu ba ya iya kai shi, ya komo da shi da sauri tun kifi bai lalace ba. A babban ruwa irin na Zobe ko Challawa ko Tiga a nan ne yake biyan kuɗinsa.

Har wa yau, waɗansu madatsan ruwan shan gari ne, kamar na Malumfashi da na Mairuwa. Lalle ne mutum ya tambayi Sarkin Ruwa da ma'aikatan kifi na Ma'aikatar Gona ko an yarda a sa inji a wurin, tun bai ba da kuɗinsa ba.

Ƙarfin doki da cin mai

Ana auna ƙarfin inji da doki, kamar yadda ake auna injin ban ruwa. Waɗanda aka fi gani a ruwayen Arewa su ne masu doki 8, da 15, da 25, da 40. Mutane da yawa suna zaton in an ninka doki an ninka gudu. Ba haka abin yake ba. Kwale-kwalen katako mai nauyi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yarda masa. In ya kai nan, ƙarin ƙarfi sai ya sa gindin jirgi ya nutsa, goshinsa ya ɗaga, mai yana ƙonewa a banza.

Ga lissafin da masu sana'ar suke yi. Injin da ake gauraya wa baƙin mai, in an murɗe shi har ƙarshe, yakan sha kamar rabin lita na fetur a kowace sa'a ga kowane doki ɗaya. Watau mai doki 8 zai sha kamar lita 4 a sa'a, mai doki 15 kamar lita 7 ko 8, mai doki 40 kuwa kusan lita 20. Wanda yake tafiyar sa'a biyu kullum, in da mai doki 15 ne zai ƙona kamar lita 15, in da mai doki 40 ne kuwa lita 40. Bambancin nan na lita 25, jarka guda ke nan kowace rana, kuma daga cikin kuɗin kifi za ta fita. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau uku, saboda haka lissafin nan ya fi kowane muhimmanci.

Ga kwale-kwalen masunta biyu ko uku da kayansu, doki 8 zuwa 15 ya isa. Mai doki 40 na manyan jiragen fito ne masu ɗaukar buhuna da 'yan kasuwa. Sai kuma a tuna da nauyi. Mai doki 15 bai kai nauyin buhun siminti ba, mutum ɗaya yana iya saɓa shi ya kai gida da dare saboda ɓarayi. Mai doki 40 yakan kai kilo 70, sai mutum biyu.

Mai gauraye da marar gauraye

Injunan iri biyu ne. Na fari shi ne wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, kamar ƙaramin janaretan nan na shaguna. Ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, makanikin babur mai hankali yana iya gane kansa. Aibinsa cin mai da hayaƙi, kuma yakan bar maiƙo a kan ruwa. Na biyu shi ne wanda baƙin mansa yake zaune a wuri dabam, kamar injin ban ruwa. Wannan yana da tsimin fetur, ba shi da ƙara sosai, amma ya fi nauyi, ya fi tsada, gyaransa kuma sai gwani.

Wanda ya sayi mai gauraye, ya bi awon da kamfanin ya rubuta. Galibi kashi ɗaya na baƙin mai ake sa wa kashi 50 na fetur, watau rabin lita ga jarka mai lita 25. Sabon inji yakan so ninkin haka a kwanakinsa na fari. In baƙin mai ya gaza sai fistin ya kama, in ya yi yawa sai fulogi ya toshe. Kada kuma a zuba masa tsohon man da aka juye daga mota.

Tsawon ƙafar inji

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ƙafar inji, watau sashen da yake shiga ruwa da farfela a ƙarshensa, akwai gajera mai inci 15, akwai doguwa mai inci 20. Kafin a tafi kasuwa sai a auna katakon gindin jirgi, daga samansa inda za a ɗaure inji har zuwa ƙasan jirgi. Bisa farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar faifai. Ana so ya zo daidai da ƙasan jirgi, ko ya ɗan fi shi nutso kaɗan. In ƙafa ta gaza, farfela za ta riƙa shan iska, inji yana kuka jirgi ba ya gaba. In ta yi tsawo, za ta riƙa dukan laka da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye sa'ad da aka datse kogi, ga shi kuwa ruwan madatsa yakan ja baya ƙwarai wajen Afrilu da Mayu.

Kwale-kwale mai tsini gaba da baya ba ya ɗaukar inji sai kafinta ya yanke gindinsa ya kafa masa katako mai kauri. Bayan an ɗaure inji, a ƙara masa igiya ko sarƙa, don kada ya kuɓuce ya faɗa ruwa.

Makaniki da kayan gyara

Sunan da aka fi sani a ruwayen Nijeriya shi ne Yamaha, kamfanin Japan wanda ya fara ƙera irin wannan inji a 1960. Akwai kuma Suzuki da Tohatsu da Mercury, da na ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi irin su Parsun. Kafin mutum ya zaɓi suna, ya tambayi makanikin da ya fi kusa da shi wanne ya iya, wanne kuma ake samun kayansa a Kano ko Kaduna. Misali, injin Evinrude na Amurka, wanda Ole Evinrude ya fara ƙerawa tun 1909, ya yi suna a duniya, amma an daina yin sa a 2020. Wanda aka yi wa tayin tsohonsa da araha ya tuna araha ba ta ado.

In na hannu ne

Kada a sayi injin da ba a ji kukansa ba. A sa ƙafarsa cikin durom cike da ruwa, sa'an nan a tayar da shi. Kada a kuskura a tayar da shi a tudu, gama robar famfon da take jawo ruwan sanyaya shi takan ƙone nan da nan. In ya tashi, a duba bayansa. Akwai wani ɗan rami da yake tsartuwar ruwa siriri. In ba ya tsartuwa, famfon ya mutu ko hanya ta toshe. A kwance ƙusar man giya da ke can ƙasa, in man ya fito fari kamar nono to ruwa yana shiga. A ja igiyar tayarwa a hankali, in ba ta da tauri injin ya gaji. A sa giyar gaba da ta baya a gani. Daga ƙarshe a nemi rasit mai ɗauke da lambar injin, don injin sata yana yawo a kasuwa.

Rai ya fi kifi

Inji yakan sa mutum ya yi nisa da gaɓa, yakan kuma sa masa kwaɗayin ɗaukar fasinja ranar kasuwa. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai, Jihar Kano, ran 30 ga Nuwamba, 2021 ba, inda jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Saboda haka kada a raba jirgi da filafili biyu, da fulogi na ajiya, da abin kwarfar ruwa, da rigar kariya ga kowane mutum. In hadari ya taso da farkon damina, a nufi gaɓa tun iska ba ta iso ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba kada ya ci bashi saboda inji. Masunta uku ko huɗu suna iya haɗa kai su sayi guda, ya riƙa jan kwale-kwalensu zuwa wurin su da asuba, ya komo da su da hantsi, kuɗin mai kuwa a raba. Allah ya ba da sa'a, ya kuma tsare.